Kyanwar Lami a tashar jirgi: BART, majalisar Kalifoniya da sufeton da aka hana aiki

A watan Maris na 2023 wata mata mai suna Harriet Richardson ta tattara takardunta ta bar ofis, saura 'yan watanni kawai wa'adinta na shekara huɗu ya cika. Ba korarta akai ba, ita ce da kanta ta ce ya isa haka. Muƙaminta shine sufeto janar na BART, wato hukumar jirgin ƙasa da ke jigilar mutane tsakanin San Faransisko da Oakland da garuruwan da ke kewaye da su a jihar Kalifoniya ta Amurka. An ɗauke ta ne don ta bi diddigin kuɗin jama'a, ta gano inda ake sata da inda ake almubazzaranci, kuma abinda ta yi ta faɗa har ta tafi shine waɗanda aka ce ta bincika su ne suka yi ta sa mata ƙafa. To abin da ya sa na ɗauko wannan labari ba ita kaɗai ba ce, majalisar dokokin jihar ce, domin su suka ƙirƙiri ofishin da hannunsu, su kuma suka bar shi ba haƙori ba farce.

Bari mu fara da sanin BART ɗin kanta, don in ba a san yadda aka gina ta ba ba za a gane rigimar ba. Majalisar Kalifoniya ce ta kafa hukumar a 1957, a 1962 masu zaɓe a gundumomi uku, San Faransisko da Alameda da Contra Costa, suka amince a ci bashin dala miliyan 792 a shimfiɗa layin, jirgi ya fara ɗaukar fasinja ranar 11 ga Satumba 1972, bayan shekara biyu kuma aka buɗe ramin da ya bi ta ƙarƙashin ruwa ya haɗa Oakland da San Faransisko. Yau tasha 50 gare ta, layi ya wuce kilomita 200, ya taɓa gundumomi biyar. Masu tafiyar da ita daraktoci ne guda tara da jama'a ke zaɓa kai tsaye, kowa shekara huɗu. Wato ba a ƙarƙashin gwamna take ba, ba a ƙarƙashin wani magajin gari ba, gwamnati ce 'yar ƙarama mai zaman kanta, da 'yan sandanta da harajinta da komai. A takarda wannan abin sha'awa ne. A zahiri kuwa zaɓen daraktan BART yana can ƙasan takardar ƙuri'a, bayan shugaban ƙasa da sanata da 'yan majalisa da alƙalai, mutum ya gaji kafin ya kai wurin, da yawa ko sunan daraktan yankinsu ba su sani ba. Waɗanda suka san su sarai, suke kuma kashe kuɗi da lokaci a zaɓensu, su ne masu harka da hukumar kullum, ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan kwangila.

Rigimar ta samo asali tun 2013. A shekarar ma'aikatan BART sun shiga yajin aiki har sau biyu, a Yuli da Oktoba, kowanne kusan kwana huɗu, kuma a lokacin mutum wajen 400,000 ke hawa jirgin a ranar aiki, sai ka ƙiyasta yadda gadoji suka cushe. Ana cikin yajin na biyu, ranar 19 ga Oktoba, wani jirgi da mai koyon tuƙi ke ja ya banke mutum biyu da ke duba layi kusa da Walnut Creek, duka suka mutu. Bayan an sasanta kuma sai wani abin kunya ya ɓullo, shugabannin hukumar suka fito suka ce wai akwai sakin layi a yarjejeniyar da suka sa wa hannu, wanda ya ba ma'aikaci hutun sati shida da albashi don jinyar iyali, kuma wai bisa kuskure suka sa hannu, ba su lura ba. Ka ji fa. Wata da watanni ana zama, da lauyoyi da ƙwararren mai sasantawa da aka ɗauko haya, amma ba wanda ya zauna ya karanta takardar daga farko zuwa ƙarshe. Daga nan mutanen yankin da yawa suka daina yarda da lissafin BART.

A wannan hayaniyar ne Steve Glazer ya yi suna. Ɗan Dimokurat ne daga garin Orinda, tsohon mai ba Gwamna Jerry Brown shawara kan siyasa, ya dinga bin tashoshi yana neman a haramta wa ma'aikatan jirgin yajin aiki, abin da ba kasafai ɗan jam'iyyarsu ke yi ba tunda ƙungiyoyin ƙwadago su ne ƙashin bayan jam'iyyar a Kalifoniya. A 2015 ya ci kujerar sanatan jiha duk da ƙungiyoyin sun yaƙe shi da ƙarfinsu. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba, domin tun daga ranar duk abinda Glazer ya kawo game da BART, ma'aikata kallon maƙiyi suke masa.

Sai 2016, hukumar ta je wa jama'a da ƙoƙon bara, a amince ta ci bashin dala biliyan 3.5 ta gyara tsofaffin layuka da wayoyin lantarki. Gaskiya gyaran ya zama dole, kayan tun na shekarun 1970 ne. Mutane suka amince da wajen kashi 70 cikin ɗari. Amma ana dab da ƙuri'ar labarin wani mai shara ya fasu, wanda a 2015 ya tashi da sama da dala 270,000 idan aka haɗa da alawus, alhali ainihin albashinsa bai kai 58,000 ba, obataim kaɗai ya ba shi wajen 162,000. Hukumar ta ce ai mutumin aiki yake ba dare ba rana, duk obataim ɗin da wasu suka ƙi shi yake karɓa. Daga baya wani gidan talabijin ya samo hotunan kyamarar tashar Powell, aka ga yana shiga wani ɗan ɗakin ajiye kaya ya daɗe a ciki kafin ya fito. Ni dai ban cika ganin laifin bawan Allahn ba, wanda ya sa hannu a takardar awanninsa wata bayan wata bai taɓa tambaya ba shine abin tuhuma. Sannan a ƙarshen 2018 hukumar da ke kula da kuɗin kamfe a jihar ta ci BART tarar dala 7,500 saboda ta yi amfani da kuɗin jama'a wajen tallar waccan ƙuri'a ba ta bayyana ba. Tarar 7,500 a kan ƙuri'ar biliyan 3.5, ko kuɗin shayi bai kai ba.

Yanzu ga inda majalisa ta shigo. A 2017 ana son ƙara kuɗin tolget a gadoji bakwai na jiha da ke yankin, ƙarin dala 3 a hankali a hankali, don a tara dala biliyan 4.45 na ayyukan sufuri, a ciki BART za ta samu miliyan 500 ta sayo sabbin taragai. Dole sai majalisa ta yi doka kafin a kai maganar gaban jama'a, dokar ita ce SB 595. Glazer ya matsa lamba aka cusa sakin layin da ya ce idan jama'a suka amince da ƙarin, to dole a kafa ofishin sufeto janar mai zaman kansa a BART. A Yuni 2018 ƙuri'ar ta wuce da kashi 55. Kun ga yadda aka haifi ofishin kenan, ba wai 'yan majalisa sun zauna sun ce hukumar nan na buƙatar mai sa ido bari mu tsara shi da kyau ba, a'a, gyara ne aka ɗora a kan ciniki don mai saye ya yarda ya biya.

Kuma duk abinda aka yi shi a matsayin gyara, haka yake fitowa. Dokar ta ware wa ofishin dala miliyan 1 a shekara daga kuɗin tolget. Hukumar da kasafinta, na gudanarwa da na manyan ayyuka, ya haura biliyan 2, ma'aikata wajen 4,000, kwangiloli ba iyaka, sai aka ce mutum uku su sa mata ido da kuɗin da ko senti biyar bai kai ba cikin kowace dala 100 da take kashewa. Wajen naɗi kuma, daraktocin BART ne ke zaɓo sunaye uku su miƙa wa gwamna ya ɗauki ɗaya, idan shekara huɗu ta cika kuma su ne dai ke da ta cewa a kan sabunta wa'adin. An ba kura zaɓen makiyayi kenan. Mafi muni, dokar ba ta fayyace ƙarfin sufeton dalla-dalla ba, shin tana iya buɗe kowane fayil, tana iya kiran kowane ma'aikaci ta yi masa tambaya, tana iya aika sammaci ga ɗan kwangila, duk an bar su a dunƙule, wai a je a daidaita can.

Gwamna Gavin Newsom ya naɗa Richardson a 2019. Tsohuwar odita ce, ta riƙe ofishin binciken kuɗi na birnin Palo Alto kafin nan, ba baƙuwar aikin ba ce. Abu na farko da kowane irin wannan ofis ke yi shine ya rubuta kundin ƙa'idojin aikinsa, daraktoci su amince, kowa ya san iyakarsa. A nan aka cije. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ce sam, duk ma'aikacin da sufeto za ta yi wa tambaya sai an sanar da ƙungiya tukuna, daraktoci kuma maimakon su yanke hukunci sai suka ce ta je ta shirya da ƙungiyoyin, kundin ya zauna ba a amince da shi ba.

Wannan wurin ya kamata a tsaya a kalle shi da kyau, don kowane ɓangare na da hujja. A Amurka akwai wani haƙƙi da Kotun Ƙoli ta tabbatar tun 1975, ana ce masa haƙƙin Weingarten, cewa idan za a yi wa ma'aikaci tambayoyin da yake ganin za su iya jawo masa horo, yana da damar ya ce sai wakilin ƙungiyarsa na wurin. Abu ne mai kyau wallahi, talakan ma'aikaci shi kaɗai a ɗaki da masu bincike ana iya murɗe masa magana. Richardson ba ta yi musun wannan ba. Inda ta tsaya shine, haƙƙin na ma'aikacin ne, shi zai nema in yana so, ba wai ofis ya riƙa aika wa ƙungiya sanarwa kan duk wanda zai gani ba, har da shaidu da masu tsegumi. To ka ɗauka kai makanike ne a garejin gyaran taragai, aikin dare kake, ka lura abokin aikinka yana zuwa ya buga katin shiga ya juya gida ya kwanta, da asuba ya dawo ya buga na fita, shekara guda ana haka kuma oga ya sani. Ka ɗauki waya ka kira layin sufeto a ɓoye. Aka ce ka zo ranar Talata. Kafin Talatar takarda ta isa ofishin ƙungiya da sunanka a jiki, wakilin ƙungiyar kuma da shi da mai barcin nan tare suke cin abincin rana. Za ka je? Ko ka je me za ka faɗa? Wannan ita ce duk rigimar, sauran duk turancin lauyoyi ne.

Duk da haka ofishin bai zauna ba. A 2022 ya fitar da rahoto kan wata kwangilar dala miliyan 40 da aka ba wani kamfanin injiniyoyi, inda ya ce wata manaja a BART da ke da hannu a harkar kwangilar tana da 'yan uwa na jiki da ke aiki a kamfanin, kuma dokar Kalifoniya kan irin wannan tana da tsauri, tana iya rushe kwangila gaba ɗaya. Zargin karo da doka ne ofishin ya yi, ba hukuncin kotu ba, shugabannin hukumar kuma ba su ji daɗinsa ba ko kaɗan. Akwai na wani tsohon ma'aikaci da ya bar aiki ba da daɗewa ba sai ga shi da kwangilolin dala miliyan 2.2 daga wurin da ya baro. Sai wanda ya fi yawo a bakin mutane, dala 350,000 da aka ba ƙungiyar agaji ta Salvation Army don ta taimaki marasa matsuguni da ke kwana a tashoshi, da aka zo lissafi mutum ɗaya tak aka iya tabbatarwa ya shiga shirin jinyar da aka tanada. Mai yiwuwa an yi wa wasu magana mai daɗi, an nuna musu hanya, Allah ya ba da lada, amma hukumar da ta fitar da kuɗin ita ya kamata tun farko ta ce ga abinda nake son gani a ƙasa kafin in biya.

A Yuni 2022 sai wani ɓangare na daban ya sa baki. A Kalifoniya kowace gunduma na da kwamitin 'yan ƙasa da kotu ke rantsarwa duk shekara, mutanen gari ne kawai, 'yan fansho da malamai da 'yan kasuwa, aikinsu su leƙa hukumomin yankin su rubuta abinda suka gani. Na gundumar Alameda ya binciki lamarin ya fito ya ce ƙarara, daraktoci da shugabanni da ƙungiyoyin ƙwadago na BART sun yi ta yi wa ofishin sufeto tarnaƙi tun daga farko, kuma kuɗin da ake ba shi ya yi ƙasa sosai idan aka gwada da na takwarorinsa a wasu manyan hukumomin sufuri. BART ta musanta, ta ce ai ta karɓi mafi yawan shawarwarin ofishin. Sai dai rahoton irin wannan kwamiti ba ya ɗaure kowa, amsa kawai doka ta ce a ba shi a rubuce, an ba shi, an rufe fayil.

Glazer ya koma majalisa da SB 1488 a wannan shekarar, don a rubuta ƙarfin sufeton a doka baƙi da fari, damar shiga kowane ofis da kowane fayil, damar sammaci, damar ganawa da ma'aikaci. Daraktocin BART suka yi adawa da shi, ƙungiyoyi ma haka. Abin mamaki ƙudurin ya tsallake majalisun biyu. Ya isa teburin Newsom a Satumba, ya ƙi sa hannu, dalilinsa kuwa wai akwai batu guda da ba a warware ba, na sanar da ma'aikata haƙƙinsu na samun wakili, a je a daidaita. Wato ainihin abinda aka daɗe ana kasa daidaitawa, wanda saboda shi aka kawo ƙudurin, shi aka sake mayar wa mutanen da suka kasa. A majalisar Kalifoniya kashi biyu cikin uku na iya ture ƙin gwamna, kuma 'yan Dimokurat na da wannan rinjayen, amma rabon da a yi haka tun 1980 ko kafin nan, ba wanda ya ko ɗaga yatsa. Ni a ganina ƙuri'ar da da yawansu suka kaɗa ta wanke kai ce, ka zaɓi gaskiya a zaure ka san za a kashe ta a soro.

Ana wannan ja-in-ja ƙasa ta riga ta zame a ƙarƙashin hukumar. Kafin korona BART na alfahari da cewa kuɗin tikiti ke biyan wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin gudanar da ita, abinda kusan babu irinsa a Amurka. Wannan alfaharin shi ya zama mata masifa. A Afrilu 2020 fasinja ya faɗi da sama da kashi 90, kuma da cutar ta lafa ma'aikatan kamfanonin fasaha na San Faransisko ba su dawo ofis ba, aiki daga gida ya zauna daram, har 2023 fasinja na wajen kashi 40 ne na da. Gwamnatin tarayya ta zuba mata wajen dala biliyan 1.6 na agajin gaggawa, da shi aka yi ta lallaɓawa, kowa kuma ya san zai ƙare, bayansa giɓin da ake hasashe ya kai miliyan 350 zuwa 400 duk shekara.

Sai aka koma Sakramento, babban birnin jihar, neman ceto. A farkon 2023 majalisar dattawan jihar ta kafa kwamiti na musamman kan sufurin yankin, Sanata Scott Wiener na San Faransisko ke jagoranta, aka sa Glazer a ciki. Ko ɗumin kujera bai yi ba ya ajiye, ya ce shi ba zai zauna a kwamitin da aikinsa neman ƙarin kuɗi ne ba alhali an ƙi gyara maganar sa ido. Bayan 'yan kwanaki Richardson ma ta sanar da tafiyarta. To nan fa ido ya raina fata, ga ka da ƙoƙo a hannu kana roƙon jiha, ga jaridu na buga cewa mai binciken kuɗinka ta gudu ta ce kun hana ta aiki. Cikin ɗan lokaci kuɗin da aka shekara uku ana cewa babu sai ga shi ya fito, kasafin ofishin ya tashi daga miliyan 1 zuwa 2.7. Za a iya cewa shari'ar da wata ƙungiyar masu adawa da haraji ta shigar kan ƙarin tolget ɗin, wadda ta sa kuɗin ke ajiye a asusu har Janairu 2023, ita ta jawo jinkiri, to amma hukumar da ke juya biliyoyi ba ta rasa miliyan ɗaya da rabi a aljihunta ba in da ta so. Newsom ya naɗa Claudette Biemeret, mataimakiyar Richardson, ta gaje ta.

Adalci dai, Glazer ma ba a bar shi ba, kuma masu sukarsa ba duka ne 'yan amshin shata ba. Suna cewa mutumin da BART ya hau ya kai majalisa, kuma duk lokacin da ya buɗe baki ma'aikata yake nufi. Suna cewa ka tara duk abinda sufeto ta gano, 350,000 nan, miliyan 2 can, ko ka haɗa da miliyan 40 ɗin gaba ɗaya, bai toshe ko rubu'in giɓin shekara guda ba, matsalar BART fasinja ne suka ɓace, ba ɓarayi ne suka kwashe ba. Wannan lissafin gaskiya ne. Kuma hukumar na da abin nunawa, sabbin taragai 775 da ta yi oda tun 2012, a farkon 2024 ta sanar aikin zai ƙare da rarar dala miliyan 394 ƙasa da abinda aka ƙiyasta, abinda ba kasafai ake ji ba a aikin gwamnati ko'ina. Ficewarsa daga kwamitin ma ni ban ga dabararta ba sosai, wanda ya fita daga ɗaki ya bar wa na ciki alƙalami. Amma inda masu wannan magana suka kauce shine, BART ba ta da wata hanyar rayuwa yanzu sai ta koma wurin mai biyan haraji, har da wanda bai taɓa hawa jirgin ba, mutumin Antioch ko Livermore da ke tuƙa motarsa, ta ce ƙaro. Shi kuwa ba ya riƙe lissafin miliyan 394 a kansa, labarin mai shara da na mutum ɗaya a dala 350,000 su yake tunawa.

A kasafin jiha na 2023 an ware dala biliyan 5.1 ga sufurin jama'a a duk faɗin Kalifoniya, aka ce da sharuɗɗan bin diddigi. Hukumar tsara sufuri ta yankin, MTC, wadda ke raba kuɗi tsakanin hukumomin sufuri 27 da ke wurin, eh 27, ta ware wa BART wajen miliyan 352, babban sharaɗin da kowa ya ji kuwa shine a canza ƙofofin tikiti kafin ƙarshen 2025. Tsofaffin ƙofofin wasu 'yan fukafukai ne masu ruwan lemo da ba su wuce ƙugu ba, ka taɓa kati su shige ciki, saurayi mai ƙafa kuwa dafa gefe kawai yake ya tsallake, wani ma ya manne a bayanka ku wuce tare kana jin numfashinsa a wuya. Sabbin dogaye ne sun kai tsayin mutum, garai-garai kamar gilashi, suna buɗewa kamar ƙyaure su rufe da ƙarfi. An fara sa su a tashar West Oakland a Disamba 2023, aikin ya ci wajen dala miliyan 90, kuma an gama duka tashoshi 50 a 2025 kafin wa'adi. Madalla, ƙofofin sun yi amfani, mutane da yawa sun ce sun fi samun natsuwa a ciki. Sai dai ka lura da wanda aka sa wa ido a wannan sharaɗin. Hukumar da kanta ta ƙiyasta masu tsallake ƙofa na jawo asarar da ba ta wuce miliyan 25 a shekara ba. An samu miliyan 90 da wa'adi mai tsauri don a tare yaron da ke tsallake tikitin dala biyar, ita kuwa mai binciken manyan kwangiloli sai da ta yi murabus kafin a ƙara wa ofishinta miliyan 1.7.

Wiener ya gwada ƙara dala 1.50 a tolget a 2023, 'yan majalisar da mutanensu ke tsallaka gada kullum suka tayar, ya janye. A 2024 wani ƙudurin na harajin yanki ya mutu tun kafin ya yi nisa. A ƙarshen shekarar wa'adin Glazer ya ƙare ya bar majalisa. Sai a Oktoba 2025 Newsom ya sa hannu a SB 63 na Wiener da Sanata Jesse Arreguín, wadda ta buɗe hanyar kai wa masu zaɓe a gundumomi biyar maganar ƙarin harajin cinikayya a Nuwamba 2026, rabin senti a kowace dala a huɗu daga ciki, senti guda a San Faransisko, na tsawon shekara 14, ana sa ran kusan dala biliyan 1 a shekara da BART za ta raba da sauran hukumomin sufuri na yankin, irin su Muni da AC Transit da Caltrain. A cikin dokar, kamar yadda za ka zata, akwai sashen sa ido, za a ɗauko masu bincike daga waje su duba yadda manyan hukumomin ke kashe kuɗi, za a kafa kwamitoci, gundumomi kuma za su iya kai ƙorafi har a riƙe wani kaso na kuɗin hukumar da ta gaza. Gundumomin San Mateo da Santa Clara sai da aka yi ta lallashi kafin su yarda su shiga, kuma waɗannan sharuɗɗan na cikin abinda aka lallashe su da shi, kamar dai yadda aka yi da ofishin sufeto a 2017.